Mai Zanen Fenti Ma Ɗan Gida Ne

Duk ɗalibin da ya zauna ajin al'ada a Sashen Hausa ya san jerin sana'o'in gargajiya da ka: noma da ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da gini da sassaƙa da wanzanci da fawa. Jerin nan ba ni da ja a kansa. Inda nake da ja shi ne yadda muka rufe shi ruf, sai ka ce Bahaushe ya daina ƙago sana'a tun ranar da Nasara ya ci Sakkwato a 1903. Akwai wani mutum da kan zauna a bakin tashar mota a Ƙaura Namoda, ko a wata rumfa a kasuwar Shinkafi, da gwangwanayen fenti da burushi a gabansa. Shi ke rubuta allunan shaguna, shi ke yi wa bayan manyan motoci ado. Ranar da babu ciniki kuwa sai ya jawo ƙyalle ko fallen katako ya zana abin da ransa ya raya masa, ba don kowa ya saya ba. A ganina mutumin nan mai fasaha ne, aikinsa kuma ya cancanci nazari kamar yadda na marini da na magini suka cancanta.

Na san abin da za a fara ce mini: ai fentin mai baƙo ne. Haƙiƙa baƙo ne. Masu zane na ƙasar Turai, irin su Jan van Eyck, su suka fito da martabarsa a ƙarni na 15, kuma sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙago ɗan bututun nan da ake matso fenti daga cikinsa, wanda ya ba mai zane damar fita daji da kayan aikinsa. To, amma keken ɗinki fa? Ashe ba baƙo ba ne? Duk da haka babu wanda ya taɓa cewa tela ba ya cikin masu sana'ar Hausa. Kai, rubutun bokon da nake wannan magana da shi ma ai aro ne. Kayan aiki ne kaɗai baƙi, idon da ke sarrafa su na gida ne, kuma ya daɗe yana aiki. Shi ya zana fuskar soraye da dagi, ya yi wa ƙwarya da sirdi ado, ya yi zayyana a allon mai saukar Alƙur'ani. Shi ne idon Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Magabata sun san jar ƙasa da farar ƙasa da baba da makuba, sun san wadda ke jure ruwa da wadda ke kwaranyewa da damina. Mai fentin yau jikansu ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mai karatu ya dubi yadda mutumin nan ke koyo, domin a nan ne darajarsa take. Ba shi da malami, ba shi da littafi. Fentin bututu yana da tsada, sai an yi aike Kano ko Kaduna, saboda haka da fentin gida yake farawa, wanda ake shafa wa ƙofa da taga, yana tsinka shi da kananzir ko tina. Da kansa zai gano cewa in ya zana a kan ɗanyen ƙyalle, zaren zai shanye man, launin ya dushe, daga baya ƙyallen ya ruɓe. Dole sai ya fara shafe shi da gam da farin fenti ya bari ya bushe. Da kansa zai gano cewa fentin mai ba ya bushewa irin bushewar ruwa. Man da ke cikinsa, wanda ake tatsa daga wani iri da ake kira linsid, iska yake sha a hankali har ya daskare, shi ya sa yakan ɗauki kwanaki, mai kauri ma makonni. Wanda ya ce bari ya yi dabara ya dama launi da man gyaɗa, tun da muna da shi a wadace, zai jira har ya gaji, don man gyaɗa ba ya daskarewa. Haka nan in ya ɗora siririn fenti a kan mai kauri da bai gama bushewa ba, bayan 'yan watanni zanen zai tsattsage kamar bakin tafki da rani. Ga kuma hunturu, lokacin da ƙura ke manne wa ɗanyen zane ta mai da shuɗin sama ruwan ƙasa. Kowace daga cikin waɗannan ƙa'idoji tana rubuce a littattafan makarantun zane, amma shi da asarar kuɗinsa ya saye ta. In wannan ba ilimi ba ne, to mene ne?

Kada kuma a raina koyon kai da kai. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Nijeriya, haifaffen Ijebu-Ode ne a 1882, kuma da kwaikwayon hotunan mujallu da littattafan Turawa ya koya wa kansa zane. Ya yi shekaru yana aiki kafin ya tafi Ingila karatu a 1920. Sa'an nan a 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane da aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a karɓi dabarar Bature a zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne a tsakiyar ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma waɗanda suka yi fice a cikinsa daga Kudu suka zo, suka kuma koma da ribarsa gida. Mu da aka yi abin a zaurenmu, me muka ɗauka?

A nan ne zan juyo kan mai fentin namu, don ba yabo kaɗai ya kawo ni ba. Sau da yawa in ka duba abin da ya zana don kansa, sai ka ga dutse mai ƙanƙara, da wani tafki mai agwagwar Turai, da gida mai jan rufi a gindin itatuwan da ba su tsirowa ko'ina a Zamfara. Daga kalanda ya kwafo, ko daga waya. Kwaikwayo ba laifi ba ne ga mai koyo, da shi hannu ke faɗawa. Amma wanda ya shekara goma yana zana ƙanƙarar da bai taɓa taɓawa ba, ya zama mai tallar hajar wani. Alhali ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda layin dogo daga Zariya ya tuƙe a 1929, inda a da ake lodin gyaɗa da auduga. Ga yashin gulbin Gagare da rani, fari fat, da ramukan masu ɗibar ruwa. Ga fadamun Shinkafi lokacin da shinkafa ta yi kore shar, ga rumfunan kasuwarta ranar Alhamis. Ga rumbunan ƙasar Zurmi da kukoki da giginyu. Hasken la'asar sakaliya a kan jan bango kaɗai ya isa ya cinye wa mutum shekara yana neman launinsa. Mai zanen Faransa ba zai zana wannan ba, domin bai san shi ba.

Saura maganar addini, wadda ba ta kaucuwa. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan zana abu mai rai, kuma ni ɗalibin Hausa ne, ba mai ba da fatawa ba. Sai dai sananne ne cewa itace da gulbi da gini da sararin sama ba su cikin abin da ake taƙaddama a kai. Duk abin da na lissafa a sama ana iya zana shi ba tare da an sa ko kaza ba. Wanda ya hana ɗansa riƙe burushi ɗungurungum saboda wannan dalili, ya haɗa da abin da ba a hana ba.

Me ya sa nake gaggawa? Domin abubuwan da za a zana suna ƙarewa, mai zanen ma yana ƙarewa. Gidan ƙasa mai zane a fuska, in ya faɗi da damina, da bulo ake mai da shi. Ta'asar 'yan bindiga kuma ta tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, mutane sun bar rumbunansu da kukokinsu sun yi gudun hijira, kuma gidan ƙasa da babu mai yi masa yaɓe ba ya daɗewa a tsaye. Wani zai ce ai ga waya, a ɗauki hoto. A ɗauka mana, yana da amfani. Amma hoto abin da ke gaban na'ura yake kamawa. Mai zane kuwa yana iya zama a Gusau ya tayar da ƙofar gidansu da ta riga ta rushe, har da inuwar darbejiyar da ke gefenta. Ta ɗaya gefen kuma, allunan da ake bugawa da kwamfuta a kan leda sun karɓe yawancin cinikin da ke ciyar da mai fenti, kuma in cinikin allo ya mutu, kuɗin sayen fentin zanen marmari ma ya mutu.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna rubuta kundin digiri, wasu batutuwan an tattake su har sun yi laushi. A ba mutum biyu ko uku izini su bi masu fentin garuruwansu, su tattara kalmomin da suke kiran launuka da kayan aiki da su, da kirarin da suke rubutawa a jikin motoci, da yadda kowannensu ya koya, su ɗauki hoton aikinsu da yardarsu. Ranar Makon Hausa kuma, kusa da teburin da muke baje ƙwarya da faifai da takalman fata, a jingina zane ko da biyar ne na waɗannan mutane, a rubuta sunan mai shi da garinsu a ƙasa, a kuma biya masa kuɗin mota ya zo ya tsaya kusa da aikinsa.