DANDALIN INDIYA: Lahore, garin su Zaara

Daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, da wuya a samu ɗan kallon Indiya da bai san sunan Lahore ba. Can Sunny Deol ya kutsa ya ɗauko matarsa a fim ɗin Gadar na 2001, can ne kuma gidan su Preity Zinta a Veer-Zaara na 2004. Wasu sun ɗauka a Indiya garin yake. Ina! A Pakistan yake, shi ne babban birnin lardin Punjab, mai mutum sama da miliyan 13.

Birni ne mai tarihi. Sarki Aurangzeb ya kammala masallacin Badshahi a 1673, Ranjit Singh ya ci garin a 1799, Turawan Ingila suka karɓe a 1849.

Kafin 1947 Lahore cibiyar fim ce. Nan aka haifi darakta Yash Chopra a 1932, nan Mohammed Rafi ya fara waƙa, nan bos Pran ya fara fitowa a 1940. Da aka raba ƙasa, aka tsaga Punjab biyu, miliyoyi suka yi hijira, jiragen ƙasa na isowa tasha da gawarwaki. Pran da 'yan fim da dama suka koma Bombay, Lahore ta yi asarar taurarinta.

Mutanen Zurmi da Shinkafi da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu ba sa buƙatar mai fassara kafin su gane wannan zafin. Shi kansa Chopra bai manta gida ba: da ya tashi shirya Veer-Zaara, garin haihuwarsa ya ba jarumar.