A toshe kati tukuna, a bar zargi daga baya

Ranar wata Juma'a, ƙarshen wata, na ciri jaka ashirin a gishe, na sa katin cikin ƴar jakarsa ta leda, na bi ta tashar mota don in aika wa mahaifiyata saƙo ƙauye. Da dare na laluba aljihu ban ji katin ba. Na ce wataƙila yana cikin aljihun wata rigar, gobe na duba. Da safiyar Asabar saƙo ya shigo wayata: an ciri jaka hamsin daga asusuna.

Abin da na yi bayan nan shi ya sa nake wannan rubutu. Ban kira banki ba. Ɗan ƙanwata na kira, yaron da ke zaune a gidana yana shirin jarrabawar BEPC. Sau biyu na taɓa aikensa gishe, don haka ya san lambar sirrina. Na tsayar da shi gaban matata da ƙannensa, na zazzage jakar littattafansa, na ɗaga katifarsa. Yana ta cewa, "Wallahi Kawu ban ɗauka ba," ni kuwa ina cewa to wa ya san lambar in ba kai ba. Matata ta ce, "Malam, ka bari a bincika mana." Ban saurare ta ba. A haka muka wuni. Ranar Lahadi da hantsi wani saƙon ya sake shigowa, an ciri wata jaka hamsin ɗin, alhali yaron na zaune a zaure ko ƙofar gida bai leƙa ba.

Ranar Litinin na je banki, aka toshe katin, aka fitar mini da takardar bayanin asusu. Duka cirewar biyu a wata na'ura aka yi su a Damagaram, ni kuwa ina Maraɗi, tsakaninmu tafiyar fiye da kilomita 200. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko na rubuta lambar a wani wuri. Sai a lokacin na tuna da ƴar takardar da na cusa bayan katin tun ranar da aka ba ni shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin ba su dawo ba. Yaron kuma da ya gama jarrabawa ya koma wurin uwarsa, har yau in na kira shi gaisuwa kawai muke yi.

Na ba da wannan labari ne don na san ba ni kaɗai ba ne. Tun da albashi ya koma banki, malami ya zama mai kati, amma ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana yadda ake riƙe shi. A makarantar horar da malamai an koya mana shirya darasi da riƙe rajistar aji. Ba a taɓa ce mana ga abin da za ku yi ranar da katin albashinku ya ɓata ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne: in kati ya ɓata kuma kana zaton wani na amfani da shi, akwai tsarin da ya kamata a bi, kuma neman mai laifi shi ne na ƙarshe a jerin. Mu kuwa da shi muke farawa.

Abu na farko shi ne toshe katin, abin da ma'aikatan banki ke kira opozisiyon. Ba sai Litinin ba, ba sai ka tabbatar an sace ba. Da zarar ka duba inda ka saba ajiyewa ba ka gani ba, ka kira. Mutane da yawa ba su san doka na bayansu a nan ba. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 15/2002, wadda ta tsara hanyoyin biyan kuɗi a ƙasashe takwas masu amfani da sefa har da Nijar, ta yarda a toshe kati saboda ɓata ko sata ko amfani da shi ta hanyar zamba. Ta kuma yarda a yi hakan ta wayar tarho, ba tare da an tilasta maka faɗin lambar da ke jikin katin ba. Sharaɗin shi ne ka bi bayan kiran da tabbatarwa a banki, da takardunka, cikin awa 24 na ranakun aiki. Da na san wannan ranar Juma'a da dare, da ko dala ba a taɓa mini ba. Da na kira ranar Asabar maimakon in zazzage jakar yaro, da jaka hamsin ta biyu tana nan.

Sai dai akwai wani tarko: lambar da ake kira yawanci a bayan katin aka buga ta, ta ɓata tare da shi. Don haka yau ɗin nan, kafin ka gama karanta wannan, ka juya katinka ka kwafe lambar a wayarka da kuma cikin wani littafi a gida. In ka kira, ka rubuta rana da awa da mintin da ka yi kiran, da sunan wanda ya amsa. Wannan mintin shi ne iyaka. Abin da aka cira bayansa kana da hujjar cewa ba naka ba ne. Abin da aka cira kafinsa, da lambar sirri daidai, wuya ne a mayar maka, domin a wurin na'ura duk wanda ya riƙe kati ya buga lambobi huɗun nan daidai shi ne mai asusu.

Abu na biyu takarda. Ka je komisariya, ko wurin jandarmomi in kana ƙauye, ka yi takardar shaidar ɓatan kati. In an riga an ciri kuɗi, ka shigar da ƙara a kan wanda ba a sani ba, ba sai ka ambaci sunan kowa ba. Ka koma banki ka nemi bayanin asusu, ka rubuta takardar koke kana lissafa kowace cirewar da ba kai ka yi ba, da ranarta da adadinta, ka sa a buga maka hatimi a kwafinka. Magana ta baki a gaban kanta ba ta barin sawu. In banki ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, akwai hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin, mai mazauni a Abijan, kuma tana karɓar koken masu asusu. Nijar ma tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. Waɗannan duka ba sa aiki sai da takarda a hannu.

Bayanin asusun nan ya fi duk wani zato da za ka yi. Yana nuna rana da na'urar da aka yi amfani da ita, banki kuma na iya gano awar da garin. Ka tuna cewa katin da ke ɗauke da tambarin GIM-UEMOA yana aiki a na'urorin wasu bankuna, har a wasu ƙasashen yankin, saboda haka wanda ya tsinci katinka a tasha yana iya kwana a wani gari ya cira. Na'urori da yawa suna da kyamara, amma ba kai za a nuna wa hoton ba, sai masu bincike sun nema a hukumance. Wannan ma dalili ne na shigar da ƙara.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar lambar sirri sam. In katinka irin na Visa ne ko Mastercard, lambobi 16 na gaba, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na baya, suna iya isa a yi sayayya a wasu shafukan intanet. Shi ya sa nake jin tsoron wata al'ada da ta shigo mana da kyakkyawar niyya: mutum ya tsinci kati, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya watsa a zaurukan WhatsApp yana cigiyar mai shi. Bawan Allah, ka raba wa ɗaruruwan mutane makullin ɗakin wani. In ka tsinci kati ka kai shi reshen bankin da sunansa ke jiki, ko ka yi cigiya da sunan mai shi kawai. Kai kuma da aka dawo maka da katinka bayan ya kwana a hannun da ba ka sani ba, kada ka ce alhamdu lillahi ka mayar aljihu shi ke nan. Ka sa a toshe shi a ba ka sabo. Kuɗin sabon kati bai kai albashin wata ba.

Haka nan a kula da masu kiran waya bayan an yi cigiya. Wani zai kira da ladabi, da Faransanci mai kyau, ya ce daga banki yake, an ga katinka, ka faɗi lambar sirri ko ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu don a tabbatar kai ne. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido. Ka kashe wayar, ka kira lambar da ka ajiye da kanka.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, musamman ƴan kwantaragi da ke can cikin ƙauyuka: Malam, kai kana birni. Mu gishe mafi kusa tafiyar rabin yini ce, kuɗin mota ya ci wani abu daga albashin, darakta kuma ba zai bar aji ba malami ba. Dole mu haɗa katunanmu mu ba mutum ɗaya ya je ya ciro wa kowa. Gaskiya ne, ni ma na yi shekaru a irin wannan hali, ba zan zauna a inuwa in ce ku daina ba. Amma a rage haɗarin. Kada a rubuta lamba a jikin kati ko a takardar da ke tare da shi. A karɓi ƴar takardar da na'ura ke fitarwa. A yi rajistar saƙon waya don kowace cirewa ta iso ga mai asusu. Wanda bankinsa ke barin a canza lamba, ya canza bayan kowace aike. Wanda bankinsa ke barin a tura kuɗi daga asusu zuwa waya, ya koyi hanyar, ya huta da aike. Kuma duk wanda ya ba wani lambarsa ya san ya ɗora masa kaya: ranar da wani abu ya faru, shi za a fara kallo ko da hannunsa tsaf yake. Ni na ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha shida wannan kaya don ƙyuyar bin layi, sannan na hukunta shi da shi.

Akwai wata maganar da ba mu cika son a yi ta a fili ba. Wasunmu suna barin kati da lambarsa jingina a hannun ɗan kasuwa ko mai ba da bashi, shi yake cirewa ƙarshen wata ya miƙo saura. In ya ciri fiye da yadda aka yi alkawari, malami ba ya iya kai ƙara, don kunya da kuma don shi ya ba da lambar da hannunsa. Wani kuma in bashi ya yi masa yawa sai ya je ya ce katin ya ɓata, a toshe a ba shi sabo, ya bar mai bashi da roba a hannu. Na farko an zalunce shi, na biyu ya yi ƙarya a gaban hukuma, kuma irinsa ne ke sa a riƙa yi wa mai gaskiya kallon tuhuma idan ya zo da kukansa. Bashi a rubuta shi a gaban shaidu, kati ya zauna a aljihun mai shi.

Bankuna ma suna da nasu. Wanda ke karɓar albashin dubban malamai kowane wata ya kamata ya tanadi lambar da ake amsawa da dare da ranakun hutu, da mai amsawa da ke jin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, domin ba malamai kaɗai ke da kati ba, akwai tsofaffi ƴan fansho da iyaye mata. Ranar ba da kati a ɗauki minti biyar a yi wa mutum bayani, ba a miƙo masa ambulan a ce sa hannu nan ba. Ƙungiyoyinmu na malamai, da suka iya zama da gwamnati kan albashi, za su iya zama da bankuna kan wannan.

Ga iyaye kuma, ga abin da na koya da tsada. In kuɗi suka ɓata a gida, idonmu kan faɗa kan wanda ya fi rauni: ɗan riƙo, ƴar aiki, almajirin gida, amarya. Ba don hujja ta nuna su ba, sai don su ne ba za su iya mayar mana da magana ba. Wani lokaci kam na gida ne ya ɗauka, ba na musun haka. To ko da shi ne, me ka rasa in ka fara toshe katin, ka jira takardar banki kwana biyu, sannan ka kira shi gefe ku yi magana ku biyu? Takarda za ta ba ka rana da wuri, ka tambaye shi da hujja. In kuwa ba shi ba ne, ka tsira daga abin da ba ya gyaruwa. Magana zarar bunu ce. Mu da muke hana ɗalibai nuna ɗan'uwansu da yatsa in alƙalami ya ɓata a aji, bai kamata mu koma gida mu yi abin da ya fi haka ba.

Da hutun ƙarshen shekara na je har gidan ƙanwata na ba yaron haƙuri a gabanta, tunda a gaban mutane na tozarta shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Kawu, ya wuce." Uwarsa ta ce, "Yaya, Allah ya kiyaye gaba." Na roƙi ya dawo ya yi lise a wurina, ya ce ya fi son ya zauna kusa da ita. Jaka ɗarin nan na mayar da gurbinta cikin ƴan watanni, da rage cefane da ɗage ɗinkin Sallah. Ɗakin da yaron yake kwana kuwa har yanzu buhunan hatsi ne a ciki.