Hannun jari kiwo ne, ba dillanci ba

Kwanan nan a Tirmini, kamar a cikin birnin Damagaram, zancen matasa ya koma kan sayen hannun jarin Apple ko Nvidia ta waya da safe a sayar da yamma. Har wasu malaman makaranta sun fara jefa ɗan albashinsu a ciki. Ni dai a ganina, mai aji a gabansa bai dace da wannan sana'a ba.

Mu ɗauki kasuwar dabbobi. Wanda ya sayi tunkiya ya sayar, ya sake saye ya sake sayarwa a yini ɗaya, wa ke da tabbacin riba a cinikin? Dillali ne, don ko an ci ko an faɗi sai ya karɓi la'adarsa. Haka abin yake a waya, sai dai dillalin ba ka ganin fuskarsa. A shekarar 2000 masu bincike biyu a Amurka, Barber da Odean, sun duba asusun gidaje fiye da 66,000 tsakanin 1991 da 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da 17.9. Ga kuma barci da aka rasa, ga takardun ɗalibai da ba a gyara ba.

Mai son kamfanin sadarwa ma ba sai ya je Amurka ba. Kasuwar BRVM ta Abijan, wadda Nijar ke cikinta tare da ƙasashe bakwai masu sefa, tana da Sonatel na Senegal tun 1998, kuma yana rabawa masu hannun jari riba shekara-shekara. Tunkiyar da ka riƙe ita ke haihuwa.

Amma kada iyaye su ɗauka riƙewa ba ta da haɗari. Kasuwar Nasdaq ta kamfanonin fasaha ta kai ƙololuwa a Maris 2000, ta zube fiye da kashi 75 cikin ɗari zuwa Oktoba 2002, kuma sai a 2015 ta koma inda take. Shekara goma sha biyar! Yaron da ke aji ɗaya lokacin ya riga ya gama sakandare.

Don haka abin da za a saka shi ne kuɗin da gida zai iya mantawa da shi shekara goma. Kuɗin littattafai na komawa makaranta a Oktoba, da na geron da ake saye idan rumbu ya ƙare kafin kaka, a bar su a aljihu.