Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Sauro Ba

Ɗalibai, ina da ja da likitan da ke sallamar majinyaci da "an gama, je ka huta".

A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa rikicewar bugun zuciya kan taso daga jijiyoyin huhu. Tun daga nan ake zura siririn bututu ta jijiyar cinya a ƙona wurin. Aikin yana da amfani. Sai dai maƙoshi, wato hanyar abinci, yana jingine da bayan ɗakin zuciya na sama na hagu, tazarar 'yan milimita kawai. Jefi-jefi ƙunar takan huda tsakaninsu, galibi bayan mako 1 zuwa 4, kuma in ba a yi tiyata ba, da wuya a rayu.

Masu cewa kada a tsorata majinyaci da abin da ba kasafai yake aukuwa ba, su dubi Gadarif. Bahaushen da aka yi wa aikin a Alƙahira, in ya dawo gida zazzaɓi ya kama shi, maleriya ko kala'azar za a fara zargi, domin su suka addabi yankin. Kafin a farga, lokaci ya ƙure.

Haƙƙinsa ne a gaya masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta masa: in ya ga zazzaɓi, ciwon ƙirji, zafin haɗiya, aman jini ko shanyewar gaɓa, ya garzaya asibiti ya ambaci aikin. A ɗauki hoton CT, kada a zura na'urar leƙa ciki, domin iskar da take hurawa na iya shiga zuciya. Likitan da ya ɓoye wannan ya ci amana.