Mai Kemis, Wa Ya Ba Ka Izinin Kurmantar Da Mutane?

Daga Dutsen Abba har Tudun Wada a nan Zariya, ka shiga wasu shagunan kemis ka ce fitsari na yi maka zafi, ko zazzaɓin yaro ya ƙi sauka, nan take za ka ji an ce: "A yi masa janta." A ja labule, a fasa kwalba, a soka. Gobe a dawo, jibi ma haka. Ba a ɗora yaro a sikeli ba, ba a tambayi lafiyar ƙodarsa ba, balle a tuna yana da kunne.

Malam mai kemis, lasisin da ka rataya a bango na sayar da ƙananan magunguna ne irin su farasitamol. Bai ba ka izinin yi wa kowa allura ba, kuma ka sani sarai.

Janta, wato jantamaisin, magani ne na gaske, a asibiti yana ceton jarirai daga cutar da ta shiga jini. Amma shi da danginsa, siteraftomaisin da kanamaisin da amikasin, suna da mugun hali guda. Sukan taru can cikin kunne, a wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, su kashe ƙananan gashin da ke ɗaukar sauti. Gashin nan in ya mutu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar kuwa daga siraran sautuka take farawa, waɗanda suka fi muryar mutum kaifi, shi ya sa mara lafiya zai amsa gaisuwarka lafiya lau alhali kunnen ya fara tafiya. Wani ma sai bayan an gama alluran jin nasa zai ci gaba da raguwa. Ƙoda ce ke fitar da maganin. In ta yi rauni, ko an haɗa shi da Lasix, haɗarin ya ƙaru. Wanne daga cikin waɗannan ka bincika kafin ka zuƙi ruwan a sirinji?

Tun 2010 NAFDAC ta haramta babbar kwalbar janta mai miligiram 280, kuma lahanin kunne da na ƙoda na cikin dalilan. Wanda ke juye ƙananan kwalabe masu miligiram 80 a sirinji ɗaya don maye gurbinta, ya san abin da yake yi.

Dubi masu tarin fuka mai bijire wa magani, irin waɗanda ake kula da su a cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, nan Zariya. A da, a ko'ina a duniya, irinsu kan sha watanni ana yi musu kanamaisin, da yawa suka rabu da tari suka koma gida ba sa ji. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin da kafiriyomaisin daga maganin wannan tari, ta fifita ƙwayoyi irin su bedakwilin. Amikasin ma ta ce sai inda za a iya bin jin mara lafiya da na'ura. Likitoci ke nan aka gindaya wa sharaɗi, kai da labulenka kuma ba ka da ko ɗaya.

Mu iyaye ma da namu laifin. In ba a yi allura ba sai mu ga kamar ba a yi magani ba. Yaro ya ce kunnensa na ƙugi, ko ya tashi yana tangaɗi don jiri, mu ce ƙarfin magani ne. Ya daina amsa kira, mu ce taurin kai, har a kai masa mari. Jariri kuwa ba bakin faɗa. Sai ya shekara biyu bai ce "Mama" ba a fara neman mai ruƙiyya.

Ku ma'aikatan asibiti, ƙa'idar ba baƙuwa ba ce gare ku: duk wanda zai daɗe a kan allurar nan a auna jinsa kafin a fara, a maimaita ana cikin yi, a sake bayan an gama. In ba na'ura, akwai baki. Ku tambaye shi kullum ko kunne na ƙara, ko yana jin jiri, ku rubuta a kati. Ya ce e, ku kira likita kafin allura ta gaba. Akwai sashen kunne a asibitin koyarwa na Shika, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ku rubuta masa takardar zuwa a ranar, kada ku ce ya bari sai an sallame shi.