Bayan An Tashi Makaranta, Wa Ke Riƙe da 'Ya'yanmu?

'Yan'uwa malamai da iyaye, duk lokacin da muka tayar da maganar abin da yara za su yi bayan an tashi makaranta, amsa ɗaya ake ba mu: babu kuɗi. Ba mu musanta cewa baitulmalin jihar nan yana cikin matsi ba. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Mu da muke rayuwa da albashi mun san nauyin wannan magana. Amma ai ƙarancin kuɗi shi ke wajabta lissafi, kuma lissafin da ake yi a kan yaranmu bai fita ba.

Mu dubi unguwanninmu. An kafa masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, dubban magidanta suka samu albashin da ke riƙe gida. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Yau a Makera da Nasarawa da Narayi, uba yana kan keke Napep har dare, uwa tana kasuwar Sabon Tasha har magariba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai iya rufe shago da wuri. A Janairun 2022 kuma aka mayar da makarantun gwamnati kwana huɗu a mako, aka ƙara wa yaro yini guda na zaman banza, alhali gidan da aka tura shi babu kowa a ciki.

Yaron da ba mu riƙe ba, akwai mai jiran sa. Mai sayar da ƙwaya ba ya kukan giɓin kasafi. Shagon caca ba ya rufewa ranar Juma'a. 'Yan sara-suka ba sa tambayar kuɗin rajista. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta cika wa yaro yammacinsa. Idan ya lalace, dukiyar al'umma ce dai za ta biya, a ofishin 'yan sanda, a kotu, a gadon asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa. Wanne ya fi araha, ƙwallo da littafi ko waɗannan? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Rikicin 2000 da na 2002 sun mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin maƙwabta. Yaran da muke koyarwa an haife su bayan wannan rabuwa, da yawansu ba su da aboki a ɗaya ƙetaren. Wasan ƙwallo tsakanin firamaren Narayi da ta Tudun Wada, ko gasar muhawara da kacici-kacici, zai yi aikin da taron zaman lafiya a otal ba zai taɓa yi ba.

Ba sabon gini muke nema ba. Azuzuwa da filaye suna nan, a kulle suke da yamma. Abin da muke nema shi ne kaso bayyananne a kasafin SUBEB: a buɗe makaranta ɗaya a kowace mazaɓa, a yi karatun ƙari da wasanni da koyon sana'a, a sa maigadi, a sayi kayan aiki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa ilimin farko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma jihar da ta ajiye nata kason ita ke karɓa. Ƙofar nema a buɗe take.

Sai dai kada a ce malami ya yi wannan aiki don Allah kawai. An auna mu da ma'auni mai tsauri: malamai 21,780 aka ce sun faɗi jarrabawar 2017 aka sallame su, a 2022 aka ƙara da 2,357. Wanda ya iya tsananta wa malami haka, ya iya biyan sa alawus na aikin yamma. Shirin da aka ɗora a kan sadaukarwar mai ƙaramin albashi ba ya kai zango biyu.

Saboda haka muna kira ga shugabannin NUT na jiha su sa wannan buƙata a rubuce kafin kasafi ya isa Majalisar Dokoki. Kowace ƙungiyar iyaye da malamai ta aika wa ɗan majalisar mazaɓarta takarda. Limamai da fastoci su faɗa a mumbari. Ɗa na kowa ne, kuma gwamnati tana cikin kowa.