Oscar Niemeyer: Ya tanƙwara kankare, amma birnin da ya ƙawata ya tura leburorinsa gefe

Ranar 5 ga watan Disamban 2012 Oscar Niemeyer ya rasu a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil, saura kwana 10 ya cika shekara 105 a duniya. Har kusan ƙarshen rayuwarsa bai ajiye alƙalamin zane ba.

Kafin zamaninsa, kankare abu ne da aka sani da miƙewa: ginshiƙi a tsaye, rufi a kwance, gini kamar akwati. Shi kuwa ya lura cewa siminti da rodi, tun suna ɗanye, duk siffar da aka yi wa katakon da za a zuba su ita za su ɗauka. Sai ya riƙa tanƙwara su.

Wannan ya fara bayyana a unguwar Pampulha da ke Belo Horizonte a farkon shekarun 1940, lokacin Juscelino Kubitschek na magajin gari. Majami'ar da ya zana a bakin tafkin ta zo da rufi mai lanƙwasa wanda bai yi kama da na kowace coci ba, har shugabannin Katolika suka ƙi amincewa da ita sai a 1959.

Da Kubitschek ya zama shugaban ƙasa a 1956, ya sake kiransa. Aikin a wannan karon shi ne sabon babban birni a tsakiyar ƙasar, inda babu komai sai fili da ciyayi. Lúcio Costa ya tsara taswirar Brasília, Niemeyer ya zana manyan gine-ginen: majalisar dokoki, fadar shugaban ƙasa, da babbar majami'a mai ginshiƙan kankare 16 da suka buɗe zuwa sama. An ƙaddamar da birnin ranar 21 ga Afrilun 1960. Akwai wani suna da ake yawan tsallakewa, wato injiniya Joaquim Cardozo, wanda lissafinsa ne ya sa waɗannan siffofi suka tsaya ba su rufta ba.

Kyau dai babu jayayya, shi ya sa UNESCO ta saka birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Inda gizo ke saƙa shi ne batun su wa aka gina wa birnin.

Niemeyer ɗan gurguzu ne, ya shiga jam'iyyar tun 1945. Bayan juyin mulkin sojoji na 1964 aiki ya yi masa wuya a gida, ya koma Faransa, ya zana hedikwatar jam'iyyar gurguzu a Paris da jami'ar Constantine a Aljeriya. Amma dubban leburorin da suka baro arewa maso gabashin Brazil suka kwaɓa simintin Brasília dare da rana, akasarinsu ba su samu matsuguni a cikinta ba. Sun ƙare a garuruwan gefe irin su Taguatinga da Ceilândia, tafiya mai nisa daga ofisoshin da suka gina. Duk wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya da asuba don ya kai Abuja kan lokaci ya san wannan labari.

Masu kare shi na cewa taswirar ta Costa ce, rabon gidaje kuma na gwamnati. Gaskiya ne, amma bai wanke shi duka ba. Manyan filayen da ya shimfiɗa tsakanin gine-ginensa sun fi daɗin kallo a hoto, mai tafiya a ƙasa kuwa rana ce ke dukansa babu inuwar fakewa. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana magana kan talaka ya kamata ya yi tunanin wanda ba shi da mota.

A 1988 ya karɓi lambar yabo ta Pritzker. A 1996, yana da shekara 88, aka buɗe gidan adana kayan fasahar da ya zana a Niterói, wani faifan kankare da ke zaune kan dutse a bakin teku, yana fuskantar Rio inda aka haife shi.